Mai homron 33 ya tashi hannu rabbana, mai 12 ya dauki kyauta

A kakar 2023 akwai wani kato mai suna Luken Baker dake bugawa Memphis wasan besbol a kananan lig na Amurka, ya dako kwallo ta tsallake katanga, wato homron, har sau 33 a cikin wasa 84 kacal. A kakar nan dai wani yaro Jackson Holliday ya buga wasa 125 amma homron 12 kawai ya samu. Da shekara ta kare mujallar Baseball America ta tashi bada kyautar gwarzon kananan lig na besbol sai ta mikawa mai 12 din. Na jefa wannan lissafin a dan gurup dinmu na WhatsApp, mu 'yan tsiraru ne masu bin wasan daga Garwa da Marwa da wasu a Injamena, nan take wani yayanmu yace ai wannan son kai ne tsagwaronsa, dan gata aka ba saboda ubansa Matt Holliday tsohon dan wasa ne da kowa ya sani. To Yaya ni kam ban yarda ba, kuma amsar tafi karfin vokal na minti biyu shi yasa na zauna na rubuta.

Bari in dan share fage saboda wanda bai saba ba. Manyan kungiyoyin besbol na Amurka, na MLB, guda 30 ne, kuma tun gyaran da akayi a 2021 kowacce tana da kananan kungiyoyi hudu a karkashinta, jimla 120 kenan. Na kasa Single-A, sai High-A, sai Double-A, sai Triple-A wanda daga shi sai babban lig. Kasa da wadannan ma akwai na sabbin shiga a Arizona da Filorida da Jamhuriyar Dominika. Abin da ya kamata a rike shine kungiya bata hawa bata sauka, ko ta ci kofi ko ta zo ta karshe tana nan inda take, dan wasa ne ake dagawa sama ko a maido shi kasa, wani lokacin ma a tsakiyar sati za'a ce masa hada jakarka. Don haka cin kofi ba shine damuwar masu kungiyar ba, renon yara sukeyi. Kuma maganata yau bata shafi masu jifa ba, wadanda ke rike sanda su buga sannan su fita su tsare fili nake nufi.

Lambobin da zan rika ambata basu da wuya. In kaga .323 ana nufin a cikin bugu dubu mutum yana samun mai kyau sau 323, duk wanda ya haura .300 gwani ne. Akwai kuma OBP, shine sau nawa mutum ke isa bes, wato matsayar da mai bugu ke gudu ya taka, ta kowacce hanya, ko da bugu ko da hakuri, domin in mai jifa ya jefa hudu a waje kai kuma ka ki kai musu sanda to ka wuce bes na farko kyauta. Ni wannan lambar na fi dubawa kafin komai.

To tambaya ta farko da nake yiwa kowacce lamba itace shekararsa nawa, kuma da su wa yake karawa. Baker shekararsa 26 a lokacin, ya gama jami'a, ya riga ya kwashe kaka guda cur a Triple-A kafin wannan, ya san masu jifan ya san filayen. Holliday kuwa an haife shi a Disamba 2003, kenan duk kakar yana 19 ne, a 2022 ya fito daga sakandare Baltimore Orioles suka dauke shi na daya a zaben sabbin 'yan wasa. Mu nan ba sai an mana dogon bayani ba, lokacin da Vincent Aboubakar ke zura kwallo a Coton Sport yana dan 18 ba yawan kwallon kadai ya sa Valenciennes suka zo suka dauke shi a 2010 ba, shekarun ne, da dan 27 ne ya ci irin wadannan kwallayen da sai dai a tafa masa a filin Rumde Ajiya kowa ya kama gabansa.

Yanzu duba abin da yaron yayi. Ya fara a Delmarva ta Single-A, sati biyu zuwa uku aka ga ya fi karfin wurin aka tura shi Aberdeen ta High-A, daga nan Bowie ta Double-A, kafin kaka ta kare yana Norfolk a Triple-A yana fuskantar masu jifan da wasunsu sun riga sun dandana babban lig sun dawo, wasu da mata da 'ya'ya. Mataki hudu a kaka daya. Jimlar lambarsa .323, OBP dinsa .442, ya wuce bes kyauta sau 101. Wannan 101 din ita ce ta tsaya min a rai wallahi, domin yaro dan 19 abin da aka sani dashi shine zumudi, duk abin da aka jefo sai ya kai masa duka, amma wannan sai ya tsaya kamar tsohon hannu yana zaben wadda zai buga. Karfin damtse ana samunsa daga baya in jiki ya cika, da abinci da daga karfe, amma idon gane jifa tun daga hannun mai jifa ba kowa ake koyawa ya dauka ba. Sannan duk wannan yana yi ne a matsayin shotistof, mai tsare tsakanin bes na biyu da na uku, wurin da ba'a ajiye mai nauyin kafa. Baker kuwa bes na farko yake tsayawa, inda ake kai wanda sanda kadai ta kawo shi. A Norfolk lambar Holliday ta sauka zuwa .267 a wasa 18, ba zan boye wannan ba, amma kungiyar dashi ta ci kofin Triple-A na shekarar.

Kuma ba yau mujallar ta fara irin wannan zaben ba. A 2011 Mike Trout ta ba, yana 19 a Double-A da homron 11 kacal. A 2017 Ronald Acuña Jr., shima 19, mataki uku a kaka daya. A 2018 Vladimir Guerrero Jr. da ya buga .381. A 2021 Bobby Witt Jr., a 2022 Gunnar Henderson. In kace son kai ne to sai ka gaya min dan wa Trout yake a babban lig.

Tambaya ta biyu, a ina aka buga. Wannan mutane da yawa basa kula dashi saboda a kwallon kafa fili fili ne. A besbol ba haka bane sam, nisan katanga ya bambanta daga gari zuwa gari, ga kuma iska. Lig din Pacific Coast na da garuruwa irin su Albuquerque da Reno da Salt Lake da El Paso dake kan tudu, Albuquerque ta haura mita 1,500 sama da teku, ta fi Ngaundere bisa nesa ba kusa ba, iskar wurin bata da kauri ga bushewa, kwallon da a wani gari zata fada hannun mai tsaron baya a can sai ta wuce katanga, jifa mai lankwasa kuma baya lankwasawa sosai. Lig din Filorida kuwa akasin haka, danshi da manyan filaye, mai homron 15 a can zai iya fin mai 25 a kan tudu. Labarin da ake tsoratar da masu auna yara dashi shine na Brandon Wood, a 2005 yana 20 ya buga homron 43 a Rancho Cucamonga dake lig din Kalifoniya, kowa yace an samu sabon sarki, da ya isa babban lig lambarsa gaba daya .186 ce. Fili ya taimake shi, kuma yawan dukan iska da yake yi ya buya a bayan homron din.

A 2023 akwai wani abu kari da ya rikita lissafi. Lig din Southern, daya daga cikin na Double-A, an gwada wata kwallo da aka shafa mata wani abu mai danko tun daga masana'anta, daga farkon kaka har tsakiyar Yuli. Masu jifa suka ji dadi, kwallo na juyawa yadda suke so, masu bugu kuwa suka sha wuya. To yara biyu da nake so in yi magana a kansu duk a wannan lig din suke.

Na farko Jackson Chourio, dan Maracaibo a Benezuwela, haihuwar Maris 2004, wato ya ma fi Holliday kankanta. Kusan duk kakar a Biloxi yayi ta. In ka kalli jimlarsa kawai, wajen .280 da homron 22 da satar bes sama da 40, zaka ce yayi kokari shikenan. Amma raba kakar biyu ka gani, lokacin kwallo mai danko yana ta fama, da aka dawo da ta asali sai ya zama wani mutum daban. Milwaukee Brewers, uwar kungiyarsa, sun ga abin da lambar dunkule bata nuna ba, a Disamba 2023 suka sa masa hannu a kwantiragin shekara 8 kan dala miliyan 82 alhali ko wasa daya bai taba bugawa a babban lig ba, ba'a taba ba wanda bai fara ba irin wannan kudin kafin shi. In dala na 600 wannan ya kusa biliyan 50 na sefa, a hannun dan 19, Allah ka bamu na halal. A 2024 ya buga homron 21 ya saci bes 22. Duk da haka a ma'aunin kakar 2023 na uku nake sa shi, saboda OBP dinsa bai kai ko .340 ba, baya hakuri da jifa kamar Holliday, kuma rabin kaka rabin kaka ne ko da uzuri.

Na biyu shine wanda ya hana ni barci a wannan lissafin, Junior Caminero. Dan Dominika, haihuwar Yuli 2003. Tampa Bay Rays sun karbo shi daga Cleveland a karshen 2021 a musayar da ba wanda ya daga kai ya kalla, mai jifa Tobias Myers aka bayar. A 2023 ya fara a Bowling Green ta High-A, ya buga homron 11, aka kai shi Montgomery cikin lig din kwallo mai dankon nan ya kara 20, jimla 31 a wasa 117, lambarsa .324, daidai da ta Holliday har da dan dori. A Satumba aka dauke shi daga Double-A kai tsaye zuwa babban lig ba tare da ya taka Triple-A ba. Wanda ya taba kallon bidiyon bugunsa ya san abin da nake nufi, karar da kwallo keyi in ta bar sandarsa daban take, kuma ba bangarensa kadai yake ja ba, yana tura ta ta dama ta wuce katanga kamar ba komai, abin da manya ma ke wahala kafin su iya. To in shekarunsu kusan daya, lambar bugu daya, shi kuma yana da homron 31 wancan 12, me yasa ba shi ba?

Ga dalilina. Na daya OBP, Caminero .384, Holliday .442, tazarar nan ba karama bace, a besbol abin da ke karewa kungiya shine awut, wato fitar da mai bugu, guda 27 da take dasu a wasa, wanda baya barnar su ya fi daraja fiye da yadda ido ke gani. Na biyu wurin tsaro, Caminero bes na uku ya fi tsayawa kuma ko a can ba'a yabon hannunsa sosai, Holliday na tsakiya. Na uku sauyin mataki, duk lokacin da aka daga ka sabon gari ne, sabon koci, sabon daki, sabbin masu jifan da baka taba gani ba, shi yayi haka sau uku bai fadi ba. Amma in wani ya zo yace shi Caminero ne nasa ba zan ce masa bai san wasa ba, tazarar siririya ce, zan dai ce ya fi son kara ni na fi son hakuri.

Nasan abin da Yaya zai fito dashi domin ya riga ya fara a gurup. Zai ce to ai gashi lokaci ya nuna, a Afrilu 2024 da aka kira Holliday babban lig bugu 2 ya samu cikin 34, aka kore shi da sitirayik, wato ya kuskure jifa uku, sau 18, aka maida shi Norfolk, Caminero kuwa a 2025 homron 45 ya buga a babban lig. Duk gaskiya ne. Amma kyautar 2023 ta abin da akayi a 2023 ce, ba duba bace ba bugun kasa ba. Mutane na cakuda tambaya biyu, wa yayi kaka mafi kyau, da wa zai fi zama babba nan gaba, kuma in ka bar ta biyun ta hadiye ta farko to duk shekara sai ka koma ka goge sunan da ka rubuta. Sai dai a nan akwai tarko kuma na gan shi, mai wayo zai ce to in kaka kawai ake aunawa ba gaba ba me ya kawo maganar shekaru, a ba Baker mana. Amsata itace shekaru ba hasashe bane, suna cikin nauyin aikin da akayi. Dan 19 da ya buga .338 a Bowie a gaban masu jifa 'yan 24 da 25 ya dauki kaya mafi nauyi fiye da dan 26 da ya daki sa'o'insa da kannensa. Wahalar abin nake aunawa, ko da yaron zai bar wasa washegari ya koma kiwon kaji kakarsa tana nan yadda take.

Amma kar a dauka ina raina manyan Triple-A. Akwai wanda nake ganin ana tauye masa hakki in ana wannan hirar, Michael Busch. Shekara 25, Oklahoma City, .323 da homron 27 a wasa 98, OBP sama da .430, shi aka zaba gwarzon lig din Pacific Coast. Za'a ce lig din tudu ne, eh, amma garinsa ba ya cikin masu bisan, kuma dalilin zamansa a kasa har 25 ba kasawa bace, Dodgers ce uwar kungiyarsa, Freddie Freeman na bes na farko, Max Muncy na na uku, Mookie Betts ma yana shigowa na biyu, ina zai tsaya? Da akayi musayarsa zuwa Chicago Cubs a Janairu 2024 ya samu wuri ya buga homron 21, a shekarar da ta biyo ya haura 30. Don haka in ka ga babba a karamin lig ka tambaya tukuna, shi ya kasa hawa ko kofa aka rufe masa. Ni Busch nake sawa na hudu, gaban Baker, saboda ya fi hakuri da jifa kuma yana iya tsayawa wuri fiye da daya ko da ba gwanin tsaro bane. Wani abu kuma, a 2023 duk filayen Triple-A na'ura ce ke taya alkali yanke hukuncin jifa, wasu ranakun ita kadai ke yankewa wasu ranakun sai dan wasa ya kalubalanta, hakan ya matse masu jifa, wucewa kyauta ta yawaita, to lambobin Triple-A na shekarar gaba daya sai an dan rage musu gishiri, har na Busch din.

Wyatt Langford ban sa shi ba. A Yuli aka zabe shi daga jami'a, ya buga .360 da homron 10 har ya kai Triple-A, abin mamaki ne, amma wasa 44 ba kaka bace.

Satar bes ma ba zan dade a kanta ba. Victor Scott II da Chandler Simpson kowanne ya saci 94 a 2023, lamba mai daukar ido, amma a tuna an kara girman bes daga inci 15 zuwa 18, an sa agogo a kan mai jifa, an kayyade sau nawa zai juya ya jefa wa mai shirin gudu, sata ta yi arha a ko'ina. Billy Hamilton da ya saci 155 a 2012 babu ko daya daga cikin wadannan saukin. Scott da aka fara kakar 2024 dashi a babban lig a St. Louis ko .100 bai kai ba aka maido shi kasa, domin sai ka isa bes na farko kafin ka saci na biyu. Simpson dai yana burge ni ta wata fuskar, ba karfi ko kadan amma da wuya ya daki iska, a 2024 ya saci 104.

Inda lissafi ke mana wuya mu da ke nesa shine tsaro. Wasan da aka fara bakwai na yamma a gabashin Amurka sha biyun dare ne a Garwa, na yammacin kasar kuwa uku na dare, ga zafin Afrilu ga kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiya lokacin da ya ga dama ga kudin data, to mafi yawa takardar sakamako muke dubawa da asuba sai 'yan gajerun bidiyo. Takardar kuwa kuskure kawai take kirgawa, kuma kirga kuskure yaudara ne, mai saurin da ya isa kwallon da wani ko motsi ba zai yi ba shine zai taba ta ta subuce a rubuta masa laifi, malalacin da ya tsaya kallo takardarsa fes. Shi yasa a nan nake jingina da masu farautar 'yan wasa dake zama a filin suna bada maki daga 20 zuwa 80 kan abu biyar, bugu, karfi, gudu, tsaro da karfin hannu, 50 shine matsakaicin babban lig, 80 kuwa da kyar ake bayarwa. Pete Crow-Armstrong na Cubs yana cikin kalilan da aka ba 80 a tsaron tsakiyar baya tun yana kasa. A 2023 tsakanin Tennessee da Iowa ya buga homron 20 ya saci 37, lambobi masu kyau ba na gigita ba, amma in ka hada da kwallayen da yake kwacewa a sama wadanda ba su shiga kowacce takarda to shine na biyar dina. Da aka kira shi a Satumba bugu 14 yayi bai samu ko daya ba, Cubs basu damu ba saboda sun san me suka ajiye.

Wannan maganar tsaron ce ma ta kai dan Afirka na farko babban lig. Gift Ngoepe dan Afirka ta Kudu, ya taso ne a wani dan daki a filin kungiyar Randburg Mets inda mahaifiyarsa ke aiki, Pittsburgh Pirates suka dauke shi a 2008, ya kwashe shekaru kusan tara yana zagaye kananan lig da sandar da bata taba yin zafi ba, hannunsa ne ya hana a sallame shi. Ranar 26 ga Afrilu 2017 ya shiga, bugunsa na farko a gaban mai jifa Jon Lester ya samu. Da lambar bugu kadai ake dubawa da tuni ya koma gida. Kuma shekarun nan da yayi lokacin albashin wahala ne, kafin yarjejeniyar 2023 mafi karancin albashin dan Triple-A dala 17,500 ne a shekara, yarjejeniyar ce ta kai shi 35,800, na sabbin shiga kuma daga 4,800 zuwa 19,800. A kudinmu zai yi kama da yawa amma a Amurka ga haya ga abinci ba wani abu bane. Yanzu Yuganda ce ke tasowa, Dodgers sun dauki yara daga can a 2022, Pirates ma sun dauki David Matoma, sai dai shi mai jifa ne ba ya cikin hirarmu.

Saura mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe jifa, aikin da ya fi kowanne cin gwiwa, kuma a nan ma sai na saba da yawancin mutane. Sunan da ya cika ko'ina a 2023 Ethan Salas ne, San Diego Padres sun biya dala miliyan 5.6 suka dauke shi a Janairu, ya fara Single-A kwana biyu kafin ya cika 17, zuwa Agusta har an kai shi Double-A. Tunda nace shekaru na da nauyi za'a zaci shi zan dauka. A'a. Shekaru na kara wa aiki daraja ne in akwai aikin, a Lake Elsinore ta Single-A Salas yayi kyau kwarai, amma matakai biyun da suka biyo 'yan wasanni kadan ne kuma bai buga komai a cikinsu ba, kungiya ce ta tura shi ba sandarsa ba. Samuel Basallo na Orioles kuwa, wanda ya cika 19 a Agustan shekarar, ya bi Delmarva da Aberdeen har ya leka Bowie, ya buga .313 da homron 20 yana sanye da kayan nan masu nauyi rabin sati. Hannunsa wajen cafewa bai kai na Salas laushi ba, kowa ya yarda da wannan, har ana cewa watakila karshenta bes na farko za'a maida shi saboda girman jiki. Amma a 2023 shi ya hau da kafarsa, kuma kujerar tasa ce. Yaya in kana da wani sunan kawo shi gurup da lambobinsa da shekarunsa da garin da ya buga, banda vokal na minti bakwai don Allah.